Ƙarfin Amo da Garɗin Murya a Busar Sarewa: Abin da Ilmin Halittu Ya Bayyana

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da rugar Fulani, ko ya ratsa daji da yamma lokacin da shanu ke komowa, zai iya tuna yadda amon sarewa ke keta sarari ya iske mutum tun bai hango mai busa ba. In ka matsa kusa, sau da yawa sai ka tarar wani ɗan siririn yaro ne yake busa cikin natsuwa, kamar ba ya yin komai. Amma karɓi wannan sarewa ka miƙa wa wani ƙato, ɗan dambe ko ɗan kokawa, ka sha kallo. Zai cika ƙirji, ya kumbura kumatu, ya busa har jijiyoyin wuyansa su miƙe, abin da zai fito kuwa bai wuce huci ba, ko wata 'yar ƙara mai tsaga kunne. Kafin minti biyu ya nemi wurin zama, jiri na ɗibarsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani ɗalibina da ke koyon busa sarewar Turawa, irin ta ƙarfe mai maɓallai wadda ake gani a hannun 'yan badujala. Ya same ni bayan wata lacca a kan numfashi, ya ce: "Malam, wata shida ke nan ina fama, amma muryar sarewata ba ta fita. In mun haɗu muna busa, ko ni kaina ba na jin ta." Ya riga ya yanke wa kansa hukunci ɗayan biyu: ko dai huhunsa ƙarami ne, ya haƙura da busa, ko kuwa sarewar ce mai arha, ya taɓa kuɗin makarantarsa ya sayi wata. Duka zato biyun kuskure ne. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu dalili, ta kuma bayyana hanyoyin da mai koyo zai bi ya ƙara wa amonsa ƙarfi da garɗi. Bayanin ya shafi sarewar Turawa da ake busawa a gicciye, ya kuma shafi sarewarmu ta kara ko ta gora da ake busawa ta baki a karkace, domin ƙa'idar da ke aiki a cikinsu ɗaya ce.

Daga ina amon ke fitowa?

Kowane amo karkarwa ce. A kakaki da ƙaho, leɓen mai busa ne ke karkarwa. A algaita, ɗan karan nan mai baki biyu da mai busa ke cusawa a bakinsa shi ke karkarwa. A sarewa kuwa babu wani abu mai tauri da ke motsi, iskar ce da kanta ke yin aikin.

Mai busa yakan tsuke leɓɓansa ya bar 'yar kafa, ta nan iska ke fita siririya, mu kira ta zaren iska. Wannan zare yana tsallake ramin busa ya doki kaifin gefensa na can gaba. To, zaren iska ba ya tafiya a miƙe sak. Yana lanƙwasa nan da can kamar hayaƙin turaren tsinke. In ya lanƙwasa cikin sarewa sai ya tunkuɗi iskar da ke cikin bututun. Wannan tunkuɗa takan ruga zuwa ƙarshen bututu ta komo da gudun sauti, watau kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne a ma'aunin Salsiyas. Da ta komo sai ta karkata zaren zuwa waje, sa'an nan ya sake komowa ciki ya yi wata tunkuɗar. Haka abin zai yi ta maimaituwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya.

Za mu iya gwada wannan da ɗan lissafi. Tsawon bututun sarewar Turawa, in an toshe dukkan ramukan yatsu, ya kai kimanin santimita 66. Zuwa da komowa santimita 132 ke nan. In muka raba mita 343 da mita 1.32 za mu sami 260, muryar ƙasa ta wannan sarewa kuwa tana kaɗawa sau 262 a daƙiƙa. Buɗe ramin yatsa tamkar gajarta bututun ne, shi ya sa murya ke ƙara siranta.

Ɗan Adam ya gano wannan dabara tun kafin ya san noma. A shekarar 2008 masu tonon kayan tarihi suka sami wata sarewa mai ramuka biyar a kogon Hohle Fels na ƙasar Jamus, wadda aka yi da ƙashin fiffiken ungulu, shekarunta sun haura 35,000. A Jiahu ta ƙasar Sin ma an tono wasu na ƙashin wani tsuntsu dangin gauraka, masu shekaru kusan 9,000. Masanin halittu ba zai yi mamakin wannan zaɓi ba, domin ƙashin tsuntsu mai tashi holoƙo ne, bututu ne da aka riga aka fafe.

Gudun iska dabam, yawan iska dabam

A nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe, saboda haka ya kamata mu ɗan dakata. Ɗauki garwa ka cika ta da ruwa, ka huda ta da ƙusa a wuri biyu, ɗaya kusa da baki, ɗaya kusa da gindi. Ruwan hudar ƙasa zai fi tsartuwa da gudu, domin nauyin ruwan da ke bisansa ya fi matsa shi. Yanzu kuma yi wata huda mai faɗi dab da ta ƙasan, a layi ɗaya da ita. Za ka ga gudun ruwansu kusan ɗaya ne, amma mai faɗin ta fi zubar da ruwa mai yawa. Darasin shi ne: matsi ke kawo gudu, faɗin kafa ke kawo yawa.

Haka abin yake a bakin mai busa. Matsin iskar da ke cikin baki shi ke ƙayyade gudun zaren iska, girman kafar leɓe kuwa shi ke ƙayyade yawan iskar da ke fita. Kowannensu da aikinsa. Gudu ya shafi hawan murya, yawa ya shafi ƙarfin amo.

Me ya haɗa gudu da hawan murya? Tuna da mai tura yaro a lilo. Dole turawarsa ta dace da lokacin da lilon ya komo. In ya riƙa turawa da sauri fiye da tafiyar lilon, sai ya ɓata wasan. Lanƙwasar zaren iska tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta taso daga leɓe ta isa kaifin rami, kuma dole wannan lokaci ya dace da kai-komon iskar bututu. In mai busa ya ƙara matsi, zaren ya ƙara gudu, da farko murya za ta ɗan haura inda ya kamata ta tsaya. In ya ci gaba, sai sarewa ta yi tsalle zuwa hawa na biyu, inda kaɗawar ta ninka, daga 262 ta koma 524. Wannan ita ce ƙarar nan mai tsaga kunne da ƙaton da muka ambata ya samu. Ya nemi ƙarfin amo, amma ya taɓa abin da ke sauya hawan murya.

A shekarar 1975 Neville Fletcher, masanin kimiyyar sauti na ƙasar Ostireliya, ya buga sakamakon awon da ya yi wa ƙwararrun masu busa sarewa. Ya gano cewa suna ƙara matsi ne gwargwadon hawan murya, kusan ninki biyu ga kowane hawa, suna kuma turo leɓe gaba don gajarta tazarar da zaren zai tsallake. Amma in ƙarfin amo suke nema a murya ɗaya, babban abin da suke sauyawa shi ne girman kafar leɓe.

Shi kansa matsin da ake bukata ba shi da yawa. Gudun zaren iska yakan kama daga mita 20 zuwa 60 a daƙiƙa, matsin da ke haifar da shi kuwa mai karatu zai iya ɗanɗana shi a gida. Sami bututun roba irin na shan lemo, ka tsoma bakinsa cikin ruwa zurfin santimita 3, ka hura har kumfa ta fito. Wannan shi ne kimanin matsin da muryoyin ƙasa ke bukata. Tsoma shi zurfin santimita 20 ka sake hurawa: ka kai matsin muryoyin sama. Baligi mai lafiya kuwa, in ya yunƙura iya ƙarfinsa, yana iya tura ruwa fiye da santimita 100. Ashe ke nan ba wanda ƙarfin ƙirji ya gaza masa wajen busa sarewa. Algaita ce ke son matsi mai yawa da iska kaɗan. Sarewa matsi kaɗan take so da iska mai yawa.

Huhu da tsokokin numfashi

Huhun namiji baligi yana ɗaukar iska kimanin lita 6 in ya cika maƙil. Daga ciki akwai fiye da lita 1 da ba ta fita ko da mutum ya matse iya matsewa, saboda haka abin da yake iya juyawa bai wuce lita 4 zuwa 5 ba. A zaune kuwa rabin lita kawai muke shaƙa a kowane numfashi. Girman huhu ya dogara galibi ga tsawon mutum da shekarunsa da jinsinsa. Huhun mata a jimlace bai kai na maza girma ba, amma duk da haka da yawa daga cikin gwanayen busa sarewa na duniya mata ne. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar wa ɗalibina hankali.

Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Kamar zugazugin maƙeri yake, sai an buɗa shi an matse shi. Babbar tsokar da ke buɗa shi ita ce shamakin ƙirji, wadda likitoci ke kira dayafuram: tsoka ce mai faɗi, kamar ƙwarya a kife, da ta raba ƙirji da ciki. In ta ɗaure sai ta sauka ƙasa, ta tura kayan ciki gaba, ƙirji ya ƙara faɗi, iska ta shigo. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari da wasu na wuya suna taimaka mata ta hanyar ɗaga haƙarƙarin.

Malaman busa sukan ce wa ɗalibi ya "tura iska da shamakin ƙirji". A ilmin halittar jiki wannan magana ba daidai take ba. Shamakin ƙirji tsokar shaƙa ce, ba ta iya tura iska waje. Abin da ke fitar da iska shi ne, na farko, halin huhu da ƙirji na komawa yadda suke, kamar robar da aka ja aka saki. Na biyu kuma tsokokin ciki da wasu na tsakanin haƙarƙari, waɗanda ke matsewa.

Ga inda wahalar take. In huhu ya cika maƙil, mutum ya saki jikinsa, wannan komawa ta roba kaɗai tana haifar da matsin da ya kai santimita 30 na ruwa ko fiye, alhali muryar ƙasa santimita 3 take so. Watau a farkon busa, matsin da ke akwai ya ninka abin da ake bukata har sau goma. Aikin mai busa a wannan lokaci taka birki ne: ya ci gaba da riƙe haƙarƙarinsa a buɗe da tsokokin shaƙa, yana sakin iskar da kaɗan-kaɗan. Yayin da huhu ke raguwa, matsin robar na raguwa, har a kai inda dole tsokokin ciki su karɓi aikin su fara matsewa. Gwaninta ita ce a miƙa aikin daga waɗannan tsokoki zuwa waɗancan ba tare da matsin cikin baki ya motsa ba. Binciken da Isabelle Cossette ta Jami'ar McGill a Kanada ta buga tare da abokan aikinta a shekarar 2008 ya nuna haka: in ƙwararru na busa da abin da suke kira "tallafin numfashi", tsokokin shaƙa na wuya da na haƙarƙari suna ci gaba da aiki alhali iska fita take yi.

Me ke kawo jiri?

Mu ƙaddara kafar leɓen mai busa tana da faɗin milimita 8 da tsayin milimita 1, iska kuma na fita da gudun mita 30 a daƙiƙa. Lissafi ya nuna zai riƙa kashe kusan rubu'in lita a kowace daƙiƙa, lita 4 za ta kai shi daƙiƙa 16. Shi kuwa mai koyo, da yake leɓensa bai saba ba, yakan wangale kafar, mafi yawan iskar ta wuce ta gefe ba ta taɓa kaifin rami ba. Cikin daƙiƙa 5 ya ƙarar da iskarsa, ya sake shaƙa. A minti ɗaya sai ya juya lita 30 ko fiye, alhali jikin da ke zaune lita 6 zuwa 8 yake bukata.

Mutane sukan zaci ƙarancin iskar oksijin ke kawo jirin. A gaskiya iskar kabon-dayoksaid ce ta yi ƙaranci a cikin jini, domin yawan numfashi ya kwashe ta fiye da kima. In ta ragu, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, jinin da ke isa can ya ragu, sai mutum ya ji jiri, wani lokaci har yatsu da leɓɓa su riƙa tsiyaya kamar ana tsira musu allura. Maganinsa a ajiye sarewa, a zauna, a yi numfashi na yau da kullum na minti ɗaya ko biyu. Jirin alama ce ta cewa iska na zuba a banza, kuma yakan ɓace da zarar leɓe ya koyi aikinsa. Amma wanda ke da asma ko ciwon zuciya, ko wanda jirin ke zuwar masa tare da ciwon ƙirji, ya kamata ya ga likita.

Garɗin murya: uwar amo da 'yan amshinta

Me ya sa mutum biyu za su busa murya ɗaya, ta wannan ta fito a cike, ta wancan kuwa fayau kamar kunun da aka cika wa ruwa? Tun a shekarar 1863 Hermann von Helmholtz, likita kuma masanin kimiyya na Jamus, ya yi bayanin wannan dalla-dalla. Duk muryar da abin busa ya fitar taron muryoyi ce. Akwai uwar amo, alal misali mai kaɗawa 262, sa'an nan akwai 'yan amshinta masu kaɗawa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, watau 524 da 786 da 1,048, har zuwa sama. Kunne na haɗa su ya ji murya ɗaya, amma yawan 'yan amshin da ƙarfin kowannensu shi ke ba muryar garɗinta. Mawaƙin da ke waƙa shi kaɗai da wanda 'yan amshi shida ke mara wa baya, ai ba a haɗa su.

Wannan ya shafi ƙarfin amo kai tsaye, saboda yadda aka halicci kunne. Kunnen matashi na jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000. Muryoyin ƙasa na sarewa suna nesa da wannan yanki, shi ya sa suke saurin nutsewa in ana kiɗa. Mai busan da ya iya tayar da 'yan amshi yana matsar da wani kaso na amonsa zuwa inda kunne ya fi ji, sai muryarsa ta yi nisa ba tare da ya ƙara wani ƙarfi mai yawa ba. Akwai riba a nan, domin in ƙarfi zalla za a bi, sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar amo ya ninka sau biyu.

'Yan amshi na tashi ne in zaren iska ya fito sumul, gefensa a tsare, ya kuma doki kaifin rami a daidai kusurwar da ta dace. Bambancin da ke tsakanin kusurwa mai kyau da maras kyau bai kai milimita ɗaya ba. Tsokar da ta kewaye baki kamar zobe, da tsokar kumatu, da ƙananan tsokoki masu jan kusurwar baki, su ke yin wannan aiki. Masanan farko da suka raɗa wa sassan jiki suna da harshen Latin ma sun kira tsokar kumatu da sunan da ke nufin mai busa ƙaho. Wilder Penfield, likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, ya nuna tun a shekarar 1937 cewa leɓɓa da harshe da yatsu sun mamaye fili mai faɗi a ɓawon ƙwaƙwalwa, fiye da abin da gadon baya gaba ɗaya ya samu. Ke nan kowane lafiyayyen mutum yana da kayan aikin, saura horo.

Ya kamata a lura cewa garɗi abu ne da ya danganci al'ada. Makarantar busa ta Faransa tana son murya tsantsa maras huci. Fulanin Futa Jalon a ƙasar Gini kuwa, masu busa sarewar da suke kira tambin, da gangan suke haɗa busa da muryar maƙogwaro, wannan gauraye shi ne daɗin abin a wurinsu. Abin nema dai shi ne mai busa ya mallaki zaren iskarsa, ya sa huci in ya so, ya cire in ya so.

Ina laifin sarewar?

Ƙirar sarewa tana da tasiri, tarihi ma ya shaida. A shekarar 1831 Theobald Boehm, maƙerin zinariya kuma gwanin busa daga birnin Munik na Jamus, ya je Landan ya ji busar Charles Nicholson, wanda sarewarsa ke da manyan ramuka. Ƙarfin amon ya girgiza shi, ya koma gida ya shiga gwaje-gwaje. A 1832 ya fito da sabon tsarin maɓallai, a 1847 kuma ya ƙera sarewa mai miƙaƙƙen bututu mai faɗin milimita 19, da ramukan da suka fi ƙarfin kan yatsa, sai maɓalli mai matashi ke rufe su. Ita ce uwar sarewar Turawa ta yanzu.

Amma irin ƙarfen da aka yi ta da shi fa? A shekarar 1971 John Coltman, masanin kimiyya a Amurka, ya yi sarewa uku masu awo ɗaya, ta azurfa da ta tagulla da ta itace. Masu sauraro sun kasa bambanta su, su kansu masu busan sun kasa, muddin ba su ga wadda ke bakinsu ba. A 2001 an yi makamancin wannan gwaji a birnin Biyana na Ostiriya da sarewa bakwai na kamfani ɗaya, daga mai rufin azurfa har ta zinariya da ta filatinam, aka tarar bambancin da ke tsakanin masu busa ya fi na tsakanin ƙarafan nesa ba kusa ba.

Abin da ke kashe amo da gaske shi ne yoyo. Matashin maɓalli ɗaya da ya tsage, ko yatsan da bai rufe rami ruf ba, ya isa ya shaƙe muryoyin ƙasa. A sarewar Turawa a duba toshiyar da ke can cikin kai, wadda ya kamata ta zauna kimanin milimita 17 daga tsakiyar ramin busa. A sarewar kara ko ta gora a tabbata an kwashe totuwa sarai, bakin ya yi sumul da kaifi, a kuma kiyaye ta daga bushewar hunturu mai tsaga itace. Hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa sarewar ga gwani ya busa. In ta yi magana a bakinsa, to, ba ta da laifi.

Matakan horo

Na farko, tsayuwa. A tsaya ko a zauna a miƙe, kai a sama, a kawo sarewa wurin baki maimakon a kai baki wurin sarewa. Wanda ya duƙa ya matse cikinsa, shamakin ƙirji ba zai sami wurin sauka ba.

Na biyu, numfashi ba sarewa. A ɗora tafin hannu a kan ƙananan haƙarƙari, a shaƙa ta baki har a ji hannuwa sun buɗe, kafaɗu kuwa ba su ɗaga ba. Sa'an nan a saki iskar da sautin "sss" a hankali, ana ƙirga daƙiƙoƙi, ana ƙoƙarin hana haƙarƙarin rushewa nan da nan. A fara da daƙiƙa 10, a riƙa ƙarawa har 25 ko 30. Abin lura shi ne sautin ya zama bai ɗaya daga farko har ƙarshe.

Na uku, madubi. A cire kan sarewar a busa shi kaɗai, ko a gwada da bakin kwalba. Leɓen ƙasa ya rufe kimanin rubu'i zuwa sulusin ramin busa. Kafar leɓe ta daidaita da tsakiyar ramin, kada faɗinta ya wuce nasa, domin duk iskar da ta bi ta gefe huci ce. Kada a ja kusurwar baki kamar mai murmushin dole, wannan na taurara leɓe ya siranta amo. A bar tazara tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, harshe ya kwanta, maƙogwaro a buɗe kamar farkon hamma.

Na huɗu, doguwar murya. Marcel Moyse, shahararren malamin busa na Faransa, ya gina littafinsa na 1934 a kan wannan dabara: a nemi murya ɗaya ta tsakiya wadda ta fi fita da kyau, a riƙe ta, sa'an nan a gangara zuwa maƙwabciyarta ana ƙoƙarin ɗauko garɗin ta farko a kai wa ta biyu, har a isa ƙasa. Minti 10 a kullum ya wadatar.

Na biyar, hawa ba tare da sauya yatsu ba. A toshe ramuka duka, a fitar da muryar ƙasa, sa'an nan a turo leɓe gaba kaɗan a ƙara gudun iska har ta hau hawa na biyu, da na uku, a kuma sauko da niyya. Wannan na koya wa jiki bambancin gudu da yawa.

Na shida, kumbura murya da lafar da ita. A fara a hankali, a riƙa buɗa kafar leɓe har amo ya cika ɗaki, a sake tsukewa har ya ɓace. In amo ya yi ƙarfi murya takan so haurawa, sai a ɗan sassauta muƙamuƙi a karkata zaren ƙasa. In ya lafa takan so faɗuwa, sai a ɗaga zaren sama. Manhajar awon murya ta wayar hannu tana nuna wannan ɓaro-ɓaro.

Na bakwai, sauraro daga nesa. Abin da mai busa ke ji a kusa da kunnensa dabam yake da abin da ke isa ga jama'a. A ajiye waya nesa kamar taku goma a ɗauki sauti, a saurara, a kwatanta na wannan mako da na makon jiya.

Sannu ba ta hana zuwa. Ƙwaƙwalwa takan ƙarfafa sabon motsin da ta koya a lokacin hutu da barci, saboda haka minti 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. In leɓe ya fara rawa, ya gaji ke nan, a huta. A kuma tausaya wa kunne: a cikin katantanwar kowane kunne akwai ƙwayoyin ji masu gashi kimanin 16,000, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Amon da ya kai desibel 85 na iya yin lahani in aka daɗe ana jin sa, muryoyin sama na sarewa kuwa sukan wuce haka a kusa da kunnen mai busa, musamman a ƙaramin ɗaki mai siminti. A riƙa gwajinsu a fili ko a sa abin toshe kunne. Taba sigari kuma, ba sai an faɗa ba, abokiyar gabar duk mai aiki da numfashi ce.

Kammalawa

Hausawa na cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mun ga cewa amon sarewa aikin gayya ne tsakanin tsokokin numfashi masu riƙe matsi daidai, da leɓɓa masu tsara yawan iska da inda za ta dosa, da kunne mai gyara su duka biyun. Yaron da ke bayan shanu bai san sunan ko ɗaya daga cikin tsokokin nan ba, amma ya shafe shekaru yana horar da su a fili, inda ba bangon da zai mayar masa da amo ya ruɗe shi.

Shi kuwa ɗalibin nawa, da muka kai sarewarsa wurin wani tsohon ɗan badujala, sai aka tarar matashin maɓalli ɗaya ne ya tsage, aka sauya shi da kuɗin da bai kai na littafi guda ba. Sauran aikin ya yi shi ne gaban madubi, minti 20 kowace safiya. Kafin ƙarshen zangon karatu ya iya riƙe muryar ƙasa daƙiƙa 15 ba jiri, kuɗin makarantarsa kuma suna nan ba a taɓa ba.

Ina kira ga malaman kimiyya na makarantun sakandare da su gwada shigo da sarewar kara cikin aji. Da ita, da garwa, da bututun roba, da kofin ruwa, za a iya koyar da darasin numfashi da na sauti a rana ɗaya, yara kuma su ga cewa kimiyya tana nan a cikin abin da suka tashi suna ji a bayan gari.